Abin da Injiniya Ya Kafa a Ɗakin Tanki

Rana ta riga ta faɗa bayan gidajen maƙwabta, amma duhu bai gama shigowa ba. Injiniya yana zaune a kan tabarma a falo, ya baje kayan aikinsa, yana matse kawunan kebul ɗaya bayan ɗaya yana jefawa cikin kwali. Shekara goma sha tara ke nan yana wannan sana'a. Shi ke shiga kamfanoni da otal-otal da ɗakunan ajiya ya kafa musu intanet marar waya, ya rataya na'urori a silin, ya kulle komai da lambobin sirri yadda baƙo ba zai kutsa ba. Sunan aikin ya bi shi har gida, har mahaifiyarsa ma, Inna, da shi take kiransa.

Matarsa, Umma, tana kicin tana tace shinkafa. 'Yarsu ɗaya tilo, mai shekara goma sha shida, tana kwance a doguwar kujera da littafin makaranta a ƙirji. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa kowa ke ce mata Takwara, ban da ubanta da ke ce mata Mamana.

"Wannan yarinya ta sace min suna, yanzu kuma ta sace min tabarau," in ji Inna, tana lalube a ƙarƙashin matashi.

"Inna, ga shi nan a goshinki. Gobe kuma ki ce na sace miki haƙori."

"Wane haƙorin? Ai guda huɗun da suka rage na ƙirga su da safe."

Suna cikin dariya wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi. Ya gangara a hankali, kamar mai tafiya yana tunani, ya tsaya daidai saman falon. Injiniya ya ɗaga kai ya ce yaran unguwa ne. Na biyu ya faɗo, na uku ya bi shi. Ya fita ƙofar gida ya duba dama da hagu, layin babu kowa, duk an shige. Da ya dawo sai ya tarar da matan uku a tsaye sun yi cirko-cirko. Dutse ne kamar ƙwan kaza a tsakiyar tabarma, cikin kayan aikinsa. Silin lafiyarsa ƙalau, tagogi a rufe. Ya sunkuya ya ɗauka, ya ji shi da ɗumi kamar yanzu ya fito daga tafin hannun mutum.

Can sai Takwara ta sa hannu biyu ta toshe kunnuwanta.

"Abba, mene ne wannan yake kuka haka?"

"Me kika ji, Mamana?"

"Ba ku ji ba? Kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe. Abba, don Allah kashe shi."

Ya kashe talabijin, ya kashe fanka, ya zare na'urar intanet ta gidan daga bango, daga ƙarshe ya je ya sauke wutar gidan gaba ɗaya. Suka tsaya cikin duhu da shiru, ana jin numfashin kowa. Takwara ta durƙushe tana cewa yana nan, bai daina ba. Sai da aka idar da sallar isha'i sannan ta sauke hannunta, ta ce ya tafi.

Haka abin ya kama lokacinsa. Da rana gidan lafiya lau. Da rana ta yi ja, sai duwatsu su fara, wani lokaci biyu, wani lokaci su kai ashirin, har Umma ta tanadi bokiti na musamman don kwashe su. A mako na biyu aka fara jin magana a cikin silin, ƙasa-ƙasa, muryar namiji yana lallashin wani da ba ya amsawa. Ba a gane kalmomin, amma duk wanda ya taɓa jinyar marar lafiya ya san irin wannan murya. Inna ta daina tsokana. Maƙwabta suka daina aiko yaransu aron tsintsiya ko ashana. Mai kawo ruwa ya koma ajiye jarkoki a bakin ƙofa ya juya.

Injiniya mutum ne mai bin matsala har tushenta. Ya hau silin da tocila ya bi kowace waya. Ya zagaye gidan da na'urar awonsa, ɗaki ɗaki, bai sami komai ba. Ya kai Takwara asibiti, likitan kunne ya leƙa ya ce kunne garau. Wani likitan ya ce damuwar jarrabawa ce, ya rubuta maganin barci. Ta sha, ta yi barcin, amma ko a cikin barcin hannunta na kan kunne. Ta bar zuwa makaranta. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta suka fito, bayan kunnuwanta duk ya zama ciwo saboda susa.

Ranar ashirin da uku, da magariba, ta tashi zaune a kan gado ta dubi ubanta da wani irin kallo da ba nata ba. Ta buɗe baki, muryar tsoho ta fito, a shaƙe, a gajiye. Ta fara jero haruffa da lambobi ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Umma ta ɗauka surutun zazzaɓi ne. Injiniya kuwa tun a harafi na biyar ya gane. Lambar sirrin wani kamfanin rarraba magunguna ce, inda ya gama aiki wata guda da ya wuce. Harafi ashirin da shida, bai rubuta ta a ko'ina ba, ko manajan kamfanin rabinta kawai ya sani.

Ya fita tsakar gida, ya shiga ta wayarsa ya sauya lambar, ya ƙirƙiro wata sabuwa a take. Kafin ya dawo bakin ƙofar ɗakin, muryar ta fara karanto sabuwar.

"Baban Takwara," in ji Umma, hawaye na zuba ba ta share ba, "wannan ya fi ƙarfin tocila. Ka nemo malam."

Washegari bayan la'asar Malam ya zo. Dattijo ne siriri, tsohon malamin makaranta da ya shahara da ruƙiyya, ba ya ɗauke da komai sai gorar ruwa da ɗan tawul a kafaɗa. Bai shiga wurin yarinyar ba tukuna. Ya zauna a falo ya dubi bokitin duwatsu, sannan ya dubi maigidan.

"Kafin abin ya fara, wane wuri ka buɗe wanda ka tarar a rufe?"

Injiniya ya ba shi labari. Kamfanin magungunan nan yana da ofis mai hawa uku, da ɗakin ajiya a tsallaken titi mai ɗakunan sanyi guda biyu. An taɓa kutsa musu cikin kwamfutoci aka sauya takardun oda, shi ya sa suka kira shi. Ya raba layin baƙi da na ma'aikata, ya rataya na'urori goma sha huɗu, ya haɗa ma'aunin sanyin ɗakunan da waya, yadda in sanyi ya ragu ƙararrawa za ta buga wa manaja ko yana ina. Abin da ya rage shi ne haɗa ofis da ɗakin ajiya, kuma sai da wuri mai tsayi. A saman benen akwai tsohon ɗakin tankin ruwa da aka daina amfani da shi, kwaɗonsa ya yi tsatsa, mukulli ya ɓata. Manaja ya ce a fasa. Ya fasa, ya huda bango wuri huɗu, ya kafa farantin eriya a tagar, ya ɗaura akwatin na'ura a ciki, ya sa sabon kwaɗo.

"Da ka shiga, yaya ka ga ɗakin?"

"Babu komai, Malam. Tanki ne kawai. Sai dai a share yake. Ko yanar gizo babu, ko ƙura. Na lura, amma ina sauri."

"Ka yi sallama?"

"Ban yi ba."

Malam ya goge fuska da tawul, ya ce a kai shi ɗakin.

Aka zaunar da Takwara a kan darduma, Umma ta riƙe ta ta baya, Inna ta zauna a bakin ƙofa da carbi. Hasken taga ya fara yin ja. Malam ya fara karatu a hankali, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. An daɗe ba abin da ya motsa. Duwatsun ma ranar ba su faɗo ba, kamar gidan duka ya kasa kunne. Sai yatsun ƙafar yarinyar suka fara lanƙwashewa, bayanta ya sandare, kanta ya sunkuya har haɓarta ta taɓa ƙirji.

"Ya isa, Malam," in ji muryar. "Ba sai ka ƙona ni ba. Na gaji da kaina ma."

"Wane ne kai?"

"Tsoho ne kamarka. Mai ɗakin da wancan ya fasa."

"Me ya kawo ka jikin yarinya?"

"Na zo in sa wani a gidan nan ya ji abin da muke ji. Na gwada uban, kansa cike yake da lissafi, babu wurin shiga. Na jefa duwatsu, ya hau silin da fitila."

Malam ya ce ya faɗi ƙararsa, ana saurare. Muryar ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, ƙirjin yarinyar ya ɗaga ya sauka.

"Shekara arba'in muna ɗakin tankin nan ni da matata. Ba mu taɓa kowa ba. Makauniya ce, tun kafin a gina benen. Da kunne take sanina. Da takuna take gane na dawo, da muryata take sanin gari ya waye. Wannan ya zo ya kafa mana abin da ke ihu dare da rana. Ku ba kwa ji, mu muna ji har cikin ƙashi. Na so in ɗauke ta mu tashi, ta ƙi, ɗakin nan kaɗai ta sani da hannunta. Kwana goma sha biyu tana kuka, sannan ta yi shiru. Yanzu ina kiranta ba ta juyowa. In na taɓa ta sai ta firgita, ba ta san ni ba ne."

Injiniya ya matso kusa da darduma. "Wallahi ban sani ba. Ban san da kowa a ciki ba."

"Na san ba ka sani ba. Ita ma ba ta san laifin da ta yi maka ba."

"Yarinyar nan fa?" in ji Malam. "Ita ta huda bangon? Kana kukan zalunci kana yin irinsa. Ka ji tsoron wanda ya halicce mu da ku."

"Ina jin tsoronsa, shi ya sa ban kashe ta ba."

Umma ta saki ƙara. Malam ya ɗaga mata hannu, ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi, yana yayyafa ruwa. Jikin yarinyar ya dinga karkarwa har gumi ya jiƙa rigarta, muryar tana nishi tana cewa a dakata, a dakata, za a yi magana. Malam ya dakata.

"Faɗi abin da zai fitar da kai."

"Ya cire abin da ya kafa, da hannunsa. Ya bar mini tsohuwata ta ƙarasa kwananta cikin shiru. Kada rana ta gobe ta faɗi yana nan."

"Malam, a ba ni mako biyu," in ji Injiniya. "Zan ja musu kebul ta ƙarƙashin titi. In na cire haka kawai, ɗakunan sanyi za su zauna babu mai gadinsu, akwai maganin mutane a ciki."

"Mako biyu?" Muryar ta yi wata dariya marar daɗi. "Ka tambayi 'yarka ko za ta iya kwana biyu."

Malam ya ja, ya roƙa, ya tsoratar, amma tsohon bai ƙara ko awa ɗaya ba. Daga ƙarshe Injiniya ya ɗauki alkawari, tsohon kuma aka sa shi ya rantse zai fita kuma ba zai dawo gidan ba.

"Na rantse. Amma ka sani, Malam, abin da ya lalace ya lalace. Kwana ashirin da huɗu yarinyar nan tana ji. Tawa goma sha biyu ta yi. Ba ni da abin da zan mayar mata, da ina da shi da na fara ba matata."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ƙafarta ta hagu ta yi fizga, ta sulale a jikin uwarta. Malam ya tashi yana dafa bango. A bakin ƙofa ya ce wa Injiniya ya cika alkawari, domin irin waɗannan in an saɓa musu sau ɗaya ba sa sake zama a yi magana da su.

Da safe Injiniya ya je wurin Manaja ya gaya masa gaskiya duka, bai rage komai ba. Manaja ya saurara har ƙarshe, ya tura masa kofin shayi.

"Injiniya, ina tausaya maka, Allah ya ba yarinya lafiya. Amma ka ji abin da kake cewa? In je in ce wa masu kamfani mun yanke layi saboda aljani ya kawo ƙara? Ka huta kwana biyu. Kada ka taɓa komai."

Ya fito ya zauna cikin motarsa har azahar ta wuce, har la'asar. Sannan ya ɗauki jakar kayan aiki ya hau benen, maigadi ma har da gaishe shi. A ƙofar ɗakin tankin ya yi sallama. Ya zare wutar akwatin, ya kwance farantin, ya toshe ramuka huɗun da siminti. Kafin ya fita ya ce, "Ku yafe mini." Babu abin da ya amsa. Ya aika wa Manaja saƙo cewa ƙararrawar sanyi ba ta aiki, a sa mutum ya riƙa dubawa da ido, sannan ya kashe wayarsa.

A gida ya tarar Takwara ta farka, tana shan shayi a hankali, idonta ya dawo nata. Ya tsaya a bayanta ya ce, "Mamana." Ba ta juyo ba. Ya sake kira da ƙarfi. Inna ta kama hannunsa ta girgiza kai, sun riga sun gwada tun safe, har faranti Umma ta saki a ƙasa a bayanta. Likitan da ya ce kunne garau ya sake aunawa ya ce jijiyoyin duka biyu sun mutu, kuma bai san dalili ba.

Kwana uku bayan haka injin ɗakin sanyi ɗaya ya tsaya a ƙarshen mako. Wanda aka sa dubawa ya tafi ganin gida. Babu ƙararrawar da ta buga, duk allurar da ke ciki ta lalace. Labari ya zaga cikin masu kamfanoni: mutumin da ke riƙe da mukullan kowa ya hau bene ya farfasa aikinsa da kansa, wai aljanu sun aike shi. A sana'ar da amana ce jarinta, wannan ya isa. Ɗaya bayan ɗaya suka kira wasu suka sauya lambobinsu, suka karɓe katin shigarsa. Wasu sun yi masa waya cikin mutunci, yawanci ko wayar ba su yi ba. Ya koma gyaran caja da fitilu a wani ɗan shago.

Gidan ya yi tsit. An rataya allo a falo ana yi wa Takwara rubutu, Inna kuwa da ba ta iya boko ba sai dai ta zauna kusa da ita ta riƙe mata hannu. Kaka da jika suna wuni tare babu mai tsokanar wani.

Ba a cika wata ba, yana wucewa ta titin kamfanin, ya ɗaga kai ya ga sabon faranti a tagar ɗakin tankin. Ya tambaya aka nuna masa wanda ya karɓi aikin, wani abokin sana'a da ake ce wa Dogo, magidanci mai ɗa ɗaya. Injiniya ya tare shi a bakin mota ya roƙe shi ya mayar da farantin wani wuri, ko kan sanda, ko kan ginin maƙwabta.

"Yallaɓai, ina ganin girmanka," in ji Dogo yana danne dariya, "amma wurin nan ne kaɗai ke kallon ɗakin ajiya kai tsaye, kai ma ka sani. In aljanun suna son lambar shiga, su zo in ba su ta baƙi."

Bayan sati biyar, da yamma, rana ta kusa faɗuwa, aka ƙwanƙwasa ƙofar gidan Injiniya. Dogo ne, ya faɗa, gemunsa ya fito barkatai. Motarsa na tsaye a bakin layi, matarsa a kujerar baya ta rungume yaro ɗan shekara huɗu, ta naɗe masa kai da zane. Ko daga nan ana jin ihun yaron.

"Yallaɓai, ina gidan malamin nan?"

"Je ka cire shi tukuna. Yanzu, kada ka tsaya neman izinin kowa."

"Na cire," in ji Dogo. "Yau kwana shida da na cire. Na toshe ramukan, na yi sallama, na ba da haƙuri. Bai bari ba. Jiya wani tsoho ya yi magana da bakin yaron, kalma biyu kawai."

"Me ya ce?"

"Ya ce, ta rasu."

Injiniya ya waiwaya. A tsakar gida Takwara tana wanke kwanuka, ta ba su baya, ba ta san an yi baƙo ba. Ya sa takalmansa, ya ce wa Umma kada a jira shi da abinci, ya shiga gaban motar. Dogo ya tambaye shi ko yana ganin Malam zai iya. Injiniya ya ce masa ya yi kwana ta hagu a ƙarshen layi.